Ga ƙanwata da ta ce ayoyin biki suna sosa mata rai

Ƙanwata, na karanta tambayarki har sau biyu. Kin ce shekarunki sun ja ba ki yi aure ba, kuma duk lokacin da aka karanta zancen ango da amarya a Littafi Mai Tsarki sai ki ji kamar ba da ke ake ba, kina tambaya ko wannan murnar ta masu aure ce kawai. Ni na yi aure, amma maigidana ya rasu ya bar ni, don haka na san wannan ciwon ta wata ƙofa. Na daɗe ina tsallake waɗannan wuraren idan ina karatu.

Wanda ya dawo da ni shi ne annabi Irmiya. Buɗe sura 16. Allah da kansa ya hana shi yin aure, ya hana shi haihuwa, har gidan biki ya ce kada ya shiga ya zauna cin abinci, domin za a kawar da muryar ango da muryar amarya daga ƙasar. Wannan gargaɗin yana nan a sura 7, ya sake zuwa a sura 25. Wato idan annabin yana so ya nuna gari ya mutu, sai ya ce an daina jin hayaniyar biki a cikinsa. To sai ki je sura 33. Yana tsare a filin matsara, sojojin Babila sun kewaye Urushalima, a nan ne aka ba shi alkawari cewa a titunan da suka zama kufai za a sāke jin muryar murna, da ta ango da ta amarya. Mutumin da bai taɓa zama ango ba, a bakinsa aka sa wannan albishir. Ranar da na lura da haka na yi kuka sosai, ban ɓoye miki ba.

Haka Yahaya Mai Baftisma. A Yohanna 3:29 ya kira kansa abokin ango, wanda yake tsaye yana saurare, da ya ji muryar angon sai murnarsa ta cika. Amaryar ba tasa ba ce, amma bai ce murnarsa rabi ce ba.

Abin da na fi so ki riƙe yana Ishaya 62:5. Mu mukan ɗauka mu ne ya kamata mu tilasta wa kanmu fara'a a gaban Allah. Ayar kuwa ta ce yadda ango yake murna da amaryarsa, haka Allah zai yi murna da jama'arsa. Aya ɗaya kafin nan ya ce ba za a ƙara kiranta yasasshiya ba. Murnar daga wajensa take farawa. A kwanakin da ba na iya ko waƙa a sujada, wannan ce ta riƙe ni, domin ba ta jira sai na warke ba.

Bikin garin Kana ta Galili kin san labarin: ruwan inabi ya ƙare, tuluna 6 na dutse, kuma a wurin biki Yesu ya yi alamarsa ta farko, ya mai da ruwa ya zama ruwan inabi. Ba zan tsaya a kai ba.

Amma duba ƙarshen Littafin. Yesu ya faɗa a Matiyu 22:30 cewa a tashin matattu ba a aure, ba a aurarwa. Duk da haka sura 19 ta Wahayi tana maganar bikin Ɗan Rago, wato Yesu, amaryar kuwa dukan jama'arsa ce, ta ce masu albarka ne waɗanda aka gayyata. Ba a tambayi kowa takardar aure a bakin ƙofa ba.

Ba na ce ki daina son aure ba, ƙanwata, ko ki daina roƙonsa. Ina tayaki addu'a a kai. In kin samu sarari yau da dare, karanta Irmiya 16 da 33 a zama ɗaya, ki dawo ki gaya mini abin da kika gani.