Tambaya da Amsa: Tun kullen korona Baba ya daina fita majalisa

Tambaya: Likita barka da aiki. Mahaifinmu ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, mai son jama'a, amma tun kullen korona ya canza, ba ya fita majalisa, ba ya barci, abinci sai an matsa masa, kullum yana cewa ya zame mana kaya. Ƙannensa sun ce jifansa aka yi. Yaya za mu yi?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, 'yar'uwa. A Afrilun 2020 aka kulle Kano, azumi ya shigo cikin kullen, ba Juma'a ba asham ba kasuwa, dattawa kuma suna ta rasuwa a gari, ta'aziyya sai ta waya. Mutumin da rayuwarsa duk tsakanin shago da tabarmar majalisa take, aka raba shi da su dare ɗaya, dole jiki ya gaya masa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ciwon damuwa da fargaba sun ƙaru da kashi 25 cikin 100 a shekarar farko ta annobar. Abin da kika lissafa ya yi kama da ciwon damuwa mai tsanani, amma a shekarunsa sai an duba suga da ƙwaƙwalwa ma.

Maganar jifa kuwa wallahi ta ishe mu. Kullum sai an kawo mana dattijo bayan an gama yawo da shi, an yi hayaƙi an sha rubutu an yanka baƙin bunsuru, mai maganin ya karɓi kuɗin da zai sayi maganin asibiti na shekara guda, da abin ya ƙi kuma ya ce ai wanda ya yi jifan ne ya sabunta, sai a koma zargin abokin kasuwa ko kishiya, zumunci ya watse, shi kuwa mara lafiya yana ɗaki yana ramewa. Wasu har mari ake sa musu, kun dai ga yadda 'yan sanda suka tarar da ɗaruruwan mutane a tsare a wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna a 2019. Ku yi addu'a, ba wanda ya hana, amma ku kai shi asibiti.

Kalmar nan "na zame muku kaya" ita ta fi tayar min da hankali. A tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin. A kawar da fiya-fiya da tarin ƙwayoyi daga ɗakinsa. A makon nan ku je asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko asibitin Malam Aminu Kano, magani kan ɗauki sati 2 zuwa 4 kafin a fara ganin sauƙi, kar a yanke. Kar a sayo masa ƙwayar barci a kemis. Tunda ba ya fita, ku roƙi abokansa biyu su riƙa zuwa zaurensa bayan la'asar, ko da bai tanka musu ba.