Mota tana shan ruwan lagireto: ko gaskit ne ya ƙone?

Malam, ka ce tsohuwar Golf ɗinka tana shanye ruwan lagireto kullum, ba ka ganin ɗigo a ƙasa, makanike kuma ya ce gaskit ne, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan silinda da gangar inji. Kada ka yarda a buɗe inji tukuna.

Fara da masu arha: murfin lagireto, tiyo da famfon ruwa. Ƙaramin yoyo kan bushe a jikin inji mai zafi, sai dai ya bar farin tabo.

Da safe, inji na sanyi, cire murfin ka tayar da mota. In kumfa na ta ɓulɓulowa ba tsayawa, ko kuma ka mayar da murfin tiyo ya yi tauri nan take, iskar silinda ce ke shiga ruwa. Duba baƙin mai: in ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya haɗu da shi. Haka nan farin hayaki a salansa bayan inji ya ɗumama, shi ma alamar gaskit ce.

Kada ka buɗe murfi inji na tafasa, kada kuma a cire maka tamostat mai daidaita zafin inji, wannan ba gyara ba ne. In gaskit ɗin ne, a kai kan silinda wurin masu injin gogewa su auna ko ya lanƙwashe, in ba haka ba sabon ma zai iya ƙonewa.