Tambaya da Amsa: Garin da tanderun ƙarfe ke tashi da shi, ya kwanta da shi

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon saƙonni uku suka haɗu a kan abu ɗaya, shi ne na ce bari mu ba su filin gaba ɗaya, sauran tambayoyin ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗan gwangwan ne a Kano, sana'ata kenan sayen tsofaffin ƙarafa ina lodawa tirela. Na ji a rediyo wai akwai wani gari a Birtaniya da aka kashe babban tanderun narka ƙarfensu, za su koma narka irin kayan da muke tarawa. Dan Allah wane gari ne, kuma me ya kai kamfanin ƙarfe bakin teku?

AMSA: Barka kadai ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a sana'a. Garin sunansa Port Talbot, yana kudancin Wales, bai da nisa da birnin Swansea. In ka ga hotonsa za ka ga kamar an matse shi ne, duwatsu a baya teku a gaba, a ɗan tsakanin nan aka cusa gidaje da babban titin M4 da layin dogo da kamfanin kansa, wanda ya miƙe a bakin ruwa ya cinye fili kamar wani gari daban.

Maganar me ya kai shi bakin teku kuwa, ai kai ka fi ni sanin amsar, tunda ka san abin da kuɗin mota yake yi wa ribar ƙarfe. Kaya ne mai nauyin tsiya. Kafin a samu ton ɗaya na ƙarfe sai an ci tama wajen ton ɗaya da rabi, ga kwal, ga dutsen farar ƙasa, to lissafa wannan sau miliyoyi a shekara. Babu tirelar da za ta iya, sai jirgin ruwa. Da can kwal ɗin a bayan gida yake, kwarurrukan kudancin Wales cike suke da ramukan haƙar kwal, ana gangaro da shi zuwa tashar ruwan da iyalin gidan Talbot suka gina tun wajajen 1830 da wani abu, sunansu ne ma garin ya ɗauka. Tamar ce ake kawowa daga waje. Daga baya da ramukan kwal suka mutu sai ya zama duka biyun ta ruwa suke zuwa, daga irin su Barazil da Ostireliya da Kanada, dama tun a 1970 an buɗe sabuwar tasha mai zurfi wadda jirgi mai ɗaukar sama da ton 100,000 zai iya shigowa ya sauke a ƙofar kamfanin.

Tun farkon shekarun 1900 ana narka ƙarfe a garin, amma babban aikin da ya ɗaga sunansu shi ne Abbey Works da aka buɗe a 1951, bayan yaƙin duniya na biyu lokacin da kowa ke neman falankin ƙarfe na mota da firji. A shekarun 1960 ma'aikata sun kai wajen 18,000, albashi kuma mai tsoka, har mutanen yankin suna yi wa wurin laƙabi da tsibirin dukiya. Yaro ya gama makaranta yau, Litinin yana bin bayan babansa zuwa get. Daga nan fa sai hannu ya yi ta canzawa: gwamnati ta karɓe a 1967 ƙarƙashin British Steel, aka yi dogon yajin aiki na wata uku a 1980 aka kuma rage dubban ma'aikata, aka sayar wa 'yan kasuwa a 1988, aka haɗe da wani kamfanin Holan a 1999 ya zama Corus, sai a 2007 Tata na Indiya ya saye. Wannan na ƙarshen ni kullum yana ba ni dariya, ƙasar da Turawan Ingila suka mulka ita ce ta dawo tana biyan jikokinsu albashi.

Abin da ka ji a rediyo gaskiya ne. Manyan tanderu biyu suka rage musu, mai lamba 5 an kashe shi a watan Yulin 2024, mai lamba 4 kuma ranar 30 ga Satumba na shekarar. Kamfanin ya ce asarar fam miliyan 1 yake yi kullum. Yanzu ana gina tanderun lantarki, aikin fam biliyan 1.25 wanda gwamnatin Birtaniya ta zuba miliyan 500 a ciki, an tsara ya fara aiki ƙarshen 2027, kuma abincinsa shi ne kayan sana'arka, tsohuwar mota, tsohon firji, rodin rusau. Birtaniya dama tana tara irin wannan da yawa amma mafi yawansa fitar da shi take yi zuwa Turkiyya da wasu ƙasashe, to yanzu sun ce a narka a gida. Sai dai kar ka fara lissafin kai musu lodi daga Kano, suna da nasu har ya yi musu yawa.

TAMBAYA: Ni ɗaliba ce daga Damagaram, kakana maƙeri ne, na taso ina ja masa zuga-zugi. Ina so a min bayani dalla-dalla, wai me ma'aikatan nan suke yi tun safe har dare? Kuma me ya sa ake cewa irin wannan tanderun ba a kashe shi?

AMSA: 'Yar'uwa kin zo da tambayar da na fi so, kuma tunda kin ja zuga-zugi rabin bayanin kin riga kin sani. Abin da kakannin kakanki suka yi da tama da gawayi da iska, shi ne dai, girma ne ya bambanta. Bari in ba ki yadda aikin yake kafin a kashe tanderun.

Farko kwal ɗin ba haka ake zuba shi ba. Ana gasa shi a wasu dogayen ɗakunan wuta da ba iska a ciki, zafi sama da digiri 1,000, har kusan kwana, sai hayaƙi da kwalta su fita ya rage wani busasshen gawayi mai ƙarfi mai huji-huji, suna ce masa kok, kamar dai yadda ake mayar da itacen ƙirya gawayin maƙera. Garin tama kuma ana ɗan toya shi da farar ƙasa ya dunƙule ya zama curi-curi, don in aka zuba shi gari zai toshe iska.

Sai tanderun. Ki ɗauka wani tulu ne na ƙarfe mai tsayin bene hawa da yawa, cikinsa an jera bulo mai jure wuta, ruwa na zagayawa a jikinsa don kar ya narke. Ta sama ana zuba tama da kok da farar ƙasa, shimfiɗa kan shimfiɗa, ba tsayawa. Ta ƙasa kuma ana hura iska mai zafin da ya wuce digiri 1,000, wannan shi ne zuga-zuginsu. Kayan na sauka a hankali iska na hawa, kafin su kai gindi sun zama ruwa, ƙarfe ya kwanta a ƙasa saboda nauyi, dattin kuma, wato kashin maƙera, ya taso sama. Shi ma ba a zubar da shi, siminti da aikin titi ake yi da shi.

Wurin da aikin yake da ban tsoro shi ne bakin fitarwa. Akwai rami a gindin tanderun da aka toshe da yumɓu, in lokaci ya yi sai inji ya huda shi, ruwan ƙarfe mai zafin wajen digiri 1,500 ya ɓalle yana bin kwata yana tartsatsi, haskensa ba ya kalluwa da ido haka nan. Mutanen da ke tsaye a wurin suna cikin riga mai ƙyalli kamar an naɗe su da takardar alminiyom, fuska a rufe, ɗaya ya miƙa dogon ludayi ya ɗebo kaɗan a kai ɗakin gwaji, in an gama wani injin ya sake cusa yumɓu ya toshe ramin. Ƙarfen kuma yana zuba cikin wata tukunya mai siffar kwakwa doguwa a kan taragon jirgin ƙasa, tana ɗaukar wajen ton 300, jirgi ya ja ta zuwa sashe na gaba.

Har yanzu fa ba a gama ba, wannan ɗanyen ƙarfe ne, sinadarin kabon a cikinsa ya kai kashi 4 cikin 100, in ya huce kika buga masa guduma fashewa zai yi kamar tukunyar ƙasa. Shi ne ake juye shi a wata ƙatuwar tukunya tare da tsofaffin ƙarafa, a sauko da bututu a hura masa tsantsar iskar oksijin na kamar minti 20, kabon ɗin ya ƙone, sannan ya zama ƙarfen da zai lanƙwasu bai karye ba. A zuba shi a injin da ke fitar da shi a miƙe kamar ana yanka alewa, a yanka manyan falankai, a sake gasa su a bi da su ta tsakanin na'urorin murzawa suna ta sirancewa suna ƙara gudu, a ƙarshe a naɗe kamar tabarma. Wannan naɗin shi ake kaiwa masana'antarsu ta Trostre a yi gwangwanin abinci, wani a kai ta Llanwern a yi na jikin mota, duka biyun a kudancin Wales suke.

Dalilin rashin kashewa kuwa, in wuta ta mutu abin da ke ciki daskarewa yake ya zama dutse guda, bulon ciki ya tsattsage, gyaransa sai an kashe maƙudan kuɗi da watanni. Don haka in an kunna shi sai ya yi shekara goma sha yana ci, ba Lahadi ba Kirsimeti. Tsarin da aka daɗe ana bi a irin waɗannan kamfanoni shi ne kashi uku, masu shiga 6 na safe, masu karɓa 2 na rana, masu kwana daga 10 na dare, kuma ba ka barin wurinka sai wanda zai karɓe ka ya iso ka faɗa masa halin da ka bar wuta. Gari gaba ɗaya da wannan agogon yake tafiya, motar haya, mai shagon shayi, matar da ke hana yara hayaniya da rana don maigida ya kwana a aiki. Ga ƙura ja da ke sauka a kan taga da shanya, mazauna kusa sun daɗe suna kuka da ita.

Kuma aiki ne na sai da rai. Ranar 8 ga Nuwamban 2001 ruwan sanyaya tanderu mai lamba 5 ya zubo ciki ya haɗu da narkakken ƙarfe, abin ya fashe har ya ɗaga gangar jikin tanderun, mutum 3 suka rasu wasu 12 suka ji munanan raunuka. Kakanki zai gaya miki, ruwa da narkakken ƙarfe ba sa ga maciji.

TAMBAYA: Ɗana, ni dattijo ne a Katsina, da idona na ga lokacin da kamfanin mulmula ƙarfe na garinmu yake aiki. Shin wannan sabon tanderun lantarki ci gaba ne ko dai hanyar sallamar ma'aikata ce?

AMSA: Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. In za a faɗi gaskiya duka biyun ne. Ta fuskar hayaƙi ci gaba ne ba musu, tsohon tanderu yana fitar da kusan ton 2 na iskar kabon a kan kowane ton na ƙarfe, Port Talbot ma kafin a kashe nasu yana cikin wuraren da suka fi fitar da ita a Birtaniya. Amma tanderun lantarki ba ya buƙatar masu gasa kwal, ba ya buƙatar masu toya tama, ba ya buƙatar masu sauke ta a tasha, wasu manyan sanduna ne ake saukewa cikin tukunya wuta ta yi tsalle ta narka kayan, kuma ana iya kashe shi a kunna. Duk sassan nan da na lissafa wa ɗalibarmu mutane ne a cikinsu. Tata ya ce guraben aiki wajen 2,800 za su tafi a Birtaniya, mafi yawa a garin nan da ma'aikatansa dama sun ragu zuwa kamar 4,000, ban da 'yan kwangila da direbobi da masu shaguna da ba sa cikin lissafin. Ƙungiyoyin ƙwadago sun nemi a bar tanderu ɗaya yana aiki har sabon ya kammala, kamfanin ya ƙi. Ni a ganina nan aka yi wa garin ba daidai ba, an bar su shekara uku babu tsohon babu sabon, ga kuma abin mamaki, falankan da ake murzawa yanzu daga waje ake sayo su, har da daga Indiya inda da kwal ɗin dai ake narka su, hayaƙin wuri kawai ya canza. Da aka zo kan tanderun garin Scunthorpe na Ingila a Afrilun 2025, waɗanda su ne na ƙarshe a ƙasar, majalisa zaman gaggawa ta yi ranar Asabar ta ba gwamnati damar karɓe ikon kamfanin da ke can don kar wuta ta mutu, mutanen Wales kuwa suka ce mu da namu ya zo ina kuke.

Kuma Baba abin da zai ba ka mamaki, mu ma mun taɓa wannan fasahar. Kamfanin Delta Steel na Aladja kusa da Warri, wanda Shugaba Shagari ya buɗe a 1982, da iskar gas da tanderun lantarki aka tsara shi, an kuma ajiye shi a bakin ruwa ne saboda dalili ɗaya da na Port Talbot, tamarsa ta jirgi take zuwa daga Laberiya da Barazil. Sandunan da yake zubawa su ne aka tsara a riƙa kaiwa kamfanonin mulmulawa uku, Osogbo da Jos da naku na Katsina, kowanne an gina shi ya fitar da ton 210,000 a shekara na rodi da waya. Wato rodin da kuka gani yana fita daga get a Katsina, asalinsa daga bakin ruwan Warri ya taso, ya yi tafiyar sama da kilomita 1,000 a bayan tirela kafin ya iso muku.

Masu tambaya kan Ajaokuta, na ga saƙonninku sun fi goma, ku dakace mu mako mai zuwa in Allah ya kai mu.