Filin Tambayar Bakanike: Gwangwanin tare mai, in sa ko in bari?

TAMBAYA: Salam Oga, barka da aiki. Ina da Hyundai Sonata 2013 tokumbo, injin 2.4 GDI. Da aka kwance tiyon da ke shiga manifol, inda iska ke bi ta shiga inji, sai muka ga baƙin mai ya jiƙa cikinsa, kuma motar tana ɗan karkarwa in tana silo da safe. Na ga wani bidiyo a YouTube suna sa wani ɗan gwangwani wai catch can, har na yi oda ya iso, amma bakanikena ya ce ba sai an sa ba, a cire tiyon kawai a sake shi ƙasa ya riƙa zubarwa. Wanne zan bi? Mai karatu daga Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Maganar a saki tiyo ƙasa dai ka manta da ita, haka motoci suke kafin a shigo da bawul ɗin PCV, mai zuƙe hayaƙin da ke taruwa cikin inji, a Amurka farkon shekarun 1960, kuma injinka ba da wancan tsarin aka ƙera shi ba. Ka sake shi, ƙurar hanya ta samu ƙofar shiga inji, warin mai ya cika maka mota, in kuma ba a toshe bakin manifol da kyau ba iska ta riƙa shiga ba lissafi, kwamfutar motar ta rikice.

Shi man da ka gani ga inda yake fitowa. Duk lokacin da fetur ya kama wuta a saman fistin, wani ɗan hayaƙi yana sulalewa ta gefen ringi ya gangara ƙasa inda baƙin mai yake, in aka bar shi a can zai taru ya riƙa tura oyil sil da gasket har su fara yoyo, shi ya sa PCV ke zuƙo shi ta saman inji ta mayar manifol a sake ƙona shi, to a hanyarsa ta fita sai ya kwaso feshin mai. A tsofaffin Corolla da Camry wannan ba wani abin damuwa ba ne, saboda nozul yana fesa fetur ne a bayan bawul, kullum yana wanke shi. GDI kuwa kai tsaye yake fesawa cikin silinda, bawul ɗin shan iska ba ya ganin fetur ko ɗigo, sai man nan ya riƙa toyuwa a jikinsa yana kauri kamar ƙanzo a gindin tukunya. A irin motarka gwangwanin yana da amfani, ba asarar kuɗi ka yi ba.

Wajen sawa, tsakanin bawul ɗin PCV da manifol yake zama. Tiyon da ya fito daga PCV ya shiga bakin da aka rubuta IN, na OUT ya wuce manifol, ka tsaya a kan bakaniken ka gani da idonka don ana juya su. Ɗayan tiyon da ke tafiya wajen bututun iyakilina, wato matatar iska, kar a taɓa shi. Ka buɗe gwangwanin kafin a ɗaura, in cikinsa fayau yake ba raga ba faranti mai huji-huji, to yawancin feshin zai shiga ta nan ya fita ta can. Tiyo kuma a sayi mai jure mai da zafi, ba na ruwa ba, na ruwa in ya ji zafi laushi yake yi injin ya tsotse shi ya manne, ka ga an toshe numfashin gaba ɗaya, gara ma da ba a sa ba. A ɗaure shi a tsaye da ƙarfe, nesa da salansa, inda hannunka zai iya kwance gindinsa, kowane baki a matse da kilif. In an tada mota ka ji tana shiii ko silo ya hau, akwai inda iska ke shiga.

Sai juyewa, nan mutane ke sakaci. Farko ka riƙa dubawa duk sati biyu har ka gane saurin cikarsa, in ya cika injin zai zuƙe abin a dunƙule. Kar ka mayar da shi cikin inji, gauraye yake da ruwa da fetur, a haɗa da man juye a gareji.

Amma fa ka sani, dattin da ya riga ya kama bawul gwangwani ba zai cire shi ba, sai an kwance manifol an kankare. Karkarwar nan ma a sa kwamfuta a duba fulogi da koyil tukunna, a ciro PCV ɗin a girgiza, in ba ta yi ƙara ba a canza, ba ta da tsada.

TAMBAYA: Camry ɗina 2008 tana shan mai sosai, ga shuɗin hayaƙi, gwangwanin zai tsayar? Daga Zariya.

AMSA: Ba zai tsayar ba Malam. Injin Camry mai suna 2AZ na wannan shekarar an san shi da matsalar ringi, man ta cikin silinda yake ƙonewa, ba ta tiyon PCV yake bi ba. A gwada kwamfireshan, kuma kafin ka tara kuɗin aikin ringi ka riƙa duba gejin mai duk sanda ka sha fetur.