Amsa: wasannin horar da ƙwaƙwalwa da kwaɗayin abinci

Malam, ka tambaya ko wasannin horar da ƙwaƙwalwa na sa babban mutum ya rage cin kayan zaƙi da maiƙo. Suna ɗan taɓukawa, amma ba kowanne ba. Wanda aka fi gwadawa shi ne mai nuno hotunan abinci da sauri: in 'ya'yan itace ne ka danna, in alewa ce ka janye hannu. Yawan maimaitawa kan sa alewar ta rage jan hankalinka. Wani binciken Jami'ar Exeter ta Ingila da ya fito a 2015 ya ga raguwar nauyi, amma ba ta kai kilo ɗaya ba.

Wasannin lissafi da haddar lambobi kuwa, galibi a wasan kaɗai ake ƙwarewa. Ni dai ba zan biya kuɗi a kansu ba.