Mikisa na ƙugi a wajen biki

Malam, ka ce mikisarka (na'urar haɗa sauti) samfurin X32 na ƙugi da zarar mawaƙi ya ɗau makirfo. Yawanci ba laifin na'urar ba ne, gain ne, wato ƙarfin sautin da ke shigowa daga makirfo, ya yi yawa. Kafin baƙi su iso, sa mawaƙin ya rera da iya ƙarfinsa, ka murɗa gain ɗin har fitilun awon sauti su tsaya wajen lamba -18, kada su taɓa ja. Sai ka datse sauti mai kauri, wato na ƙasa da 100 Hz, a layin murya. Duba lasifika ma, su zauna gaba da makirfo. Na sha ganin an jera su a bayan mawaƙi a wuraren biki nan Kano, dole su yi kuka. In sauti ya zauna, adana saitin a filashi. Don Allah ka sa UPS, wato batirin da ke riƙe wuta, saboda in an ɗauke wuta, kafin janareta ya tashi mikisa ta mutu.