Tambaya da Amsa: Gina Masaukin Maza Marasa Makwanci a Jos

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mu 'yan kasuwa ne a Taminus. Wani dattijo ya ba mu fili kyauta don mu gina wa maza arba'in wurin kwana, irin 'yan dako da masu turin baro da 'yan ci-rani da ke kwana a bakin shaguna da tashoshin mota. Wasunmu na cewa a yi bene. Ta ina za mu fara? (Mai karatu daga Gangare)

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya saka muku da alheri. Kada ku sayi ko buhun siminti ɗaya sai takardu sun kammala. Kyautar baki takan zama rigima ranar rabon gado, don haka a rubuta waƙafin, dattijon ya sa hannu gaban shaidu, har da 'ya'yansa. Ku yi wa ƙungiyarku rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, domin filin ya zama da sunanta, sannan ku kai zanen ginin hukumar raya birnin Jos (JMDB) ta amince.

Daga nan sai a auna ƙasar. Wurare da yawa a Jos da Bukuru tsofaffin ramukan kuza ne da aka cike. Ido ba ya ganewa, sai bango ya fara tsagewa bayan damina biyu ko uku. Idan kuma filin na kusa da rafi, ku tuna ambaliyar Rikkos ta Yulin 2012, ku ɗaga daɓen ginin sama sosai.

Maganar bene, ba mu ba ku shawara ba. Yana cin rodi da kuɗin injiniya, tsofaffi da guragu ba sa iya hawa, kuma kowa ya ga abin da ya faru da makarantar da ta rufta a Busa Buji a Yulin 2024. Ku yi ginin ƙasa, ɗakuna huɗu, kowanne mita 6 da mita 7 da rabi, na mutum goma. Kowa ya samu murabba'in mita huɗu da rabi ke nan. Babban zaure guda ya fi arha, amma a nan ne faɗa da sata da tari ke yaɗuwa, kuma ba yadda za a raba dattijo mai son barci da matashin da ke dawowa ƙarfe ɗaya na dare.

Bulo mai inci tara, kada buhu ɗaya ya buga fiye da 35, a kuma yi ta ba shi ruwa har kwana bakwai. Kankaren ginshiƙi da lintal: siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. A sa leda mai kauri ƙarƙashin daɓe don kada danshi ya hau bango.

Abin da ya fi kashe irin waɗannan gidaje shi ne banɗaki da ruwa. Ƙungiyoyin agaji na lissafa banɗaki ɗaya ga mutum ashirin, amma wannan na lokacin gaggawa ne. Mutanenku duk da asuba za su tashi lokaci guda su nufi kasuwa, saboda haka ku yi banɗaki huɗu na tsuguno, wurin wanka huɗu daban, da doguwar kwatar alwala da wanki a waje. Idan kowa ya yi amfani da lita 40, kuna buƙatar lita 1,600 kullum, don haka tanki biyu masu lita 2,000 kowanne za su ba ku rarar kwana guda da rabi. Kafin a haƙa burtsatse a kira masu binciken ruwan ƙasa, domin dutsen Jos ya cinye kuɗin mutane da yawa ba a ga ko ɗigo ba. Sokawe ya yi nesa da rijiya da aƙalla mita 30, kuma ta gangaren ƙasa.

Gadajen su zama na ƙarfe, katifa a rufe ta da leda, don kuɗin cizo a tsagar katako yake ƙwai. Kowa da akwatinsa mai kwaɗo, da wurin ɗaure baro cikin katanga. Mutumin da jarinsa baro ne ba zai bar shi a titi ya zo ya kwana ba.

Sai ku ware kuɗin shekara guda na mai gadi da mai shara da wuta da kwashe masai tun kafin a buɗe. Idan kuɗin bai kai ba, ku fara da ɗaki biyu.

TAMBAYA: Sanyin Disamba da Janairu fa? Ba gara a rage tagogi a sa kaskon gawayi ba? (Wani magini daga Unguwar Rogo)

AMSA: A'a, Malam, don Allah kada a yi haka. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum yana barci ya wuce. Maganin sanyi shi ne silin ƙarƙashin kwano, bargo biyu ga kowa, da ruwan zafi da ake dafawa a madafar waje. Tagogin su fuskanci juna, a kuma bar ƙananan kafofi can sama da ba a rufewa, da raga saboda sauro. Iskar nan ce ke rage yaɗuwar tarin fuka, wanda ke son cunkoso. Duk wanda tarinsa ya kai mako biyu a kai shi asibitin gwamnati, maganin kyauta ne. Kowane ɗaki ya zama da ƙofa biyu masu buɗewa ta waje, kuma kada a taɓa datse su da kwaɗo alhali mutane na ciki.